Ɗalibin da Ya Iya Tuƙi

Aikina haska fitila ne a wani kamfanin shirya fina-finai. Ni ke jan waya, ni ke ɗora fitila a kan ƙafarta, ni ke naɗe komai idan an tashi. Na daɗe a ciki har gwiwoyina sun fara ƙara duk lokacin da na durƙusa. Kowace shekara jami'a takan turo mana ɗalibai su yi wata shida suna koyon aiki. Yawancinsu da surutu suke zuwa, kuma da shi suke komawa. Ban riƙe fuskokinsu ba, sai ta mutum ɗaya.

Su biyu aka turo a shekarar. Ɗaya gajere ne mai ƙamshin turare, wanda muka laƙaba wa Ɗan Hutu tun kafin azahar. Ɗayan dogo ne siriri, mai sanyin murya. Mun duba ba mu sami abin tsokanarsa ba, sai muka bar shi a Ɗalibi.

Ofishinmu yana saman wani shagon sayar da tayil. Ɗaki uku ne: na furodusa, wato mai kamfanin, wanda shi kaɗai na'urar sanyaya ɗakinsa ke aiki, sai ɗakin tace hoto, sai sito, inda nake zama tsakanin fitilu da ƙunshin wayoyi. A siton nan Ɗalibi yakan same ni ranar da ba a fita ba. A nan na ji tarihinsa kaɗan-kaɗan, yana taya ni goge gilasan fitilu.

Shi ne babba a gidansu, duk na bayansa mata ne. Mahaifinsa direban bas ɗin haya ne a cikin gari. Tun yana firamare, idan an yi hutu yakan bi uban yana kiran fasinja, kuma kafin ya gama sakandare ya iya tuƙi fiye da wasu masu lasin. Amma uban ya rantse ɗansa ba zai tsufa a kan sitiyari ba. Shi nasa bayan ya riga ya lalace, sai 'yan matan sun tattaka masa yake iya miƙewa. Saboda haka ya tura yaron jami'a, ya ce ya karanta duk abin da yake so, in dai ba a yin sa a kujerar direba.

Shi kuwa kyamara yake so. Ya nuna mini wani ɗan gajeren fim da ya ɗauka da wayarsa mai fasasshen gilashi. Uwarsa ce tana shanya a tsakar gida, ba magana, sai hannuwa da igiya da inuwar kaya a bango. Na ga yaron ya san inda haske ke faɗuwa. Ban yaba masa ba, na ce ya miƙo mini tsumma.

Abin da ya kawo shi a fili yake. Mai ɗaukar hotonmu ya daɗe yana ƙorafin ba shi da mataimaki, kuma furodusa ya faɗa a gaban kowa cewa idan wa'adin ya cika zai riƙe ɗaya daga cikin ɗaliban biyu a wannan gurbi. A sana'armu wannan ita ce ƙofa. Ba mai tambayarka takardar makaranta, sai dai a tambaya wa ya taɓa ganin hannunka a kan kyamara.

To amma gidanmu yana da wata ɗabi'a da ba a koyarwa a jami'a. Ba a raba aiki a zaune. Duk abin da hannunka ya fara taɓawa ya yi kyau, ya zama naka har ka bar kamfanin. Mai kwalliyarmu buga takardu ta zo yi, ta gyara wa wata jaruma gira sau ɗaya, shi ke nan ba ta sake ganin kwamfuta ba. Ni kaina soket aka kira ni in gyara. Na faɗa wa Ɗalibi wannan, na ce ya lura da abin da yake ɗauka. Ya yi dariya, ya zaci zolaya ce irin ta tsofaffi.

Ba a jima ba direbanmu ya yi cacar baki da furodusa da sassafe, ya jefar da makulli a kan tebur ya kama gabansa. Ga kaya an riga an loda a bas, ga 'yan wasa suna jira a inda za a ɗauki fim. Furodusa ya sauko yana huci, ya tambaya ko akwai wanda ya iya tuƙi. Na kalli Ɗalibi na girgiza masa kai, amma hannunsa ya riga ya tashi sama.

Bas ɗinmu tsohuwa ce, ƙofarta da waya ake ɗaurewa, giyarta kuma sai an lallaɓa. A hannunsa ta tafi sumul kamar ba ita ba. Bai faɗa rami ko ɗaya ba, fitiluna ba su yi ko ƙwas ba a baya. Kafin mu isa furodusa ya yi barci a gidan gaba, baki buɗe. Da na ga haka na san an gama da yaron nan. Daga ranar kowa ya koma kiransa Direba. Ni kaɗai na ci gaba da cewa Ɗalibi.

Wanda bai san aikinmu ba zai ce ai ba komai, tunda yana tare da mu kullum. Direba shi ne mutum ɗaya tilo da ba ya nan lokacin da kyamara ke aiki. Zai kawo mu, a sauke kaya, sai a ce ya koma ya ɗauko jaruma. Ya kawo ta, sai man janareta ya ƙare. Ya sayo mai, sai a tuna an bar rigar fitowa ta gaba a ofis. Ya dawo da riga, lokacin abinci ya yi. Idan kuma an rasa aiken da za a yi masa, mai ɗaukar sauti zai ce a kai motar can nesa don kada wani ya buga ƙofarta ya ɓata masa aiki, kuma ba a barin mota da kaya ba kowa a ciki. Sau da yawa yakan iso da gudu, leda a hannu, daidai lokacin da darakta ke cewa a kashe, an samu.

Ɗan Hutu kuwa ba abin da ya iya, kuma bai ɓoye ba. An kai shi wurin masu sutura ya ƙona riga da dutsen guga. An kawo mini shi ya yi tuntuɓe da waya, ya kusa kifar da babbar fitilata, na ce a ɗauke mini shi kafin in yi abin da za a kai ni gaban hukuma. Mai sauti ya ce numfashinsa ma shiga na'ura yake yi. Da kowa ya ƙi shi, sai darakta ya ce ya je ya tsaya a bayan mai ɗaukar hoto, kada ya taɓa komai. Nan ya tsaya, hannu a aljihu, yana kallo. A hankali aka fara cewa ya miƙo batir, sannan ya miƙo gilashin kyamara, sannan ya leƙa ya ga ko hoton ya fita. Gaskiya ɗaya ce, yaron ba mugu ba ne, kuma duk wanda ya yi watanni yana kallon abu zai koya ko bai yi niyya ba.

Ɗalibi bai zauna ba. Ya sami furodusa, furodusa ya dafa kafaɗarsa ya ce ana neman direba, da zarar an samu zai sauka. Ni dai ban ga wanda aka tura neman ba. Ya sami darakta a cikin mota ya miƙa masa wayarsa. Darakta ya fara kallo yana gyaɗa kai, aka kira shi a tasa wayar, ya miƙo wa yaron abinsa ya ce za su yi magana. Daraktanmu mutumin kirki ne a baki. Idan da alkawari na cika sito, da ba mu da wurin ajiye fitila.

Na ba shi shawarar da nake da ita. Na ce ya goga motar a jikin ƙofar gareji sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, yadda fenti zai ɗan tashi. Ko ya riƙa faɗawa rami idan furodusa ya fara gyangyaɗi. Ko ya makara ranar da aka fi bukatarsa.

"Baba, hannuna ba zai yarda ba," in ji shi. "Ko na ce masa ga rami, kaucewa yake yi."

Makarar ce kaɗai ya gwada. Ya ce ya zauna a gida da gangan har ransa ya fara ɓaci, ya fito yana jin kansa kamar ɓarawo, ya iso ya tarar ba wanda ya riga shi zuwa sai ni.

A gida kuwa bai faɗi komai ba. Uban ya ɗauka ɗansa yana can yana leƙa kyamara, har yana ba abokansa labari a tasha. Wata rana da hantsi muna tsaye a danja, ina gidan gaba, sai wata bas ta haya ta tsaya a gefenmu, cike da fasinja. Direbanta dattijo ne mai furfura a gemu, da matashin jingina a bayansa. Ya juyo ya kalli direbanmu, ya daɗe yana kallo. Na ga Ɗalibi ya ƙanƙame sitiyari, ya ce "Baba" a hankali, kuma na san ba da ni yake ba.

Dattijon ya kalli motar tun daga gaba har baya, ya kalli wayar da aka ɗaure ƙofa da ita.

"Madubinka na dama ya karkace," ya ce. Danja ta ba da hannu, ya ja motarsa.

Washegari Ɗalibi ya zo ido jawur. Ya ce uban bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ci abincinsa, ya wanke hannu, sannan ya ce shi dai ya kai shi makaranta ne don ya sauka daga wannan kujerar, idan kuma kujerar yake so, da ya faɗa tun farko, ga mota a ƙofar gida. Uwar ce ta riƙa ba shi haƙuri a madadin kowa.

Ranar ya shiga wurin darakta bai yi sallama da sanyin murya ba. Ban san me ya faɗa ba, amma ya fito da alkawari mai rana. A makon ƙarshe na zamansu akwai babbar fitowa da za a ɗauka da kyamara biyu, rigima tsakanin jarumi da jaruma a harabar wani tsohon sito a bayan gari. Darakta ya ce kyamara ta biyu tasa ce. Ɗalibi zai kai mu da safe, ya ajiye mota, a sayi mai da abinci tun a hanya don kada a sami abin aikensa.

Ban taɓa ganin mutum ya shirya wa rana kamar yadda ya shirya wa wannan ba. Lokacin cin abinci ya daina ci, yakan roƙi mai ɗaukar hoto ya bar shi ya ɗora kyamara a kan ƙafarta ya sauke, ya ɗora ya sauke, har hannunsa ya saba. Ya je harabar shi kaɗai ranar hutu don ya ga ta inda rana ke bi. Da kansa ya bi kowa yana tambaya ko akwai abin da za a manta a ofis.

Ranar ta zo. Muka isa da wuri, komai ya cika. Na kafa allunan mayar da haske, jaruma tana zaune ana yi mata kwalliya. Ɗalibi ya tsaya a bayan kyamararsa, ya sa ido, ya ɗaga hannu yana nuna mini in ɗan karkata allon. Na karkata. Saura jarumi, wanda da ma a motarsa yake zuwa.

Sai wayar furodusa ta yi ƙara. Motar jarumi ta mutu a can ɗaya ƙarshen garin, kuma ya ce ba zai shiga motar haya ba, mutane za su yi masa caa. Furodusa ya kashe waya, ko juyowa bai yi sosai ba, ya ce Direba ya yi maza.

"Oga, yau ina kan kyamara," in ji Ɗalibi.

Mai kwalliya ta tsaya da hoda a hannu. Furodusa ya juyo ya kalle shi kamar wanda kujera ta yi wa magana.

"To wa za ka ɗauka a kyamarar? Bango?"

Aka shiga neman mafita. Furodusa a bas ya zo, kuma shi ba ya tuƙa mai giya. Mai ɗaukar hoto ba zai bar kayansa ba. Ni ko keke ban iya ba. Ɗan Hutu, Allah ya sani, ya ce a ba shi makullin zai gwada, aka tuntsire da dariya, mai sauti ya ce jarumin ake so a kawo da rai. Ɗalibi bai yi dariya ba. Darakta yake kallo, shi kuma darakta yana kallon sama.

"Je ka ka dawo," in ji darakta. "Kyamararka tana nan, ba mai taɓa ta."

Ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Idan bai je ba, babu fim ranar, kuma kowa zai ce shi ya hana. Ya rufe gilashin kyamarar da murfinsa, ya zaro makulli daga aljihu. A duk zamansa da mu, ranar ce kaɗai na ji giyar motar nan ta yi ƙara a hannunsa.

Muka zauna jira. Inuwar bango ta fara janyewa, jaruma ta fara gumi, mai kwalliya tana ta shafawa tana mita. Furodusa ya riƙa zagaye yana cewa an tara mutane ana kallon juna. Darakta ya yi ta maza na ɗan lokaci, sannan ya ce bari a rage aiki: a ɗauki ɓangaren jaruma da na 'yan kallo, a sa wani ya juya baya a matsayin jarumi. Kyamara biyu aka tsara, kuma ga ta biyun a tsaye ba kowa.

Na ce wa darakta, "Ranka ya daɗe, ka ce ba mai taɓa ta."

Ya ce ai gwaji ne kawai, idan yaron ya dawo za a sake. Ya yafito Ɗan Hutu. Ɗan Hutu ya kalle ni, na kau da kai. Ya cire murfin. Kuma bai ɓata ba, hoton ya fita yadda ake so.

Cunkoso ya riƙe Ɗalibi zuwa da dawowa. Lokacin da ya shigo da jarumi, rana ta karkata, abin da ya rage fuskar jarumin ce kawai daga kusa, kuma wannan kyamara ɗaya ke yi. Ta biyun an riga an mayar da ita jaka. Ba wanda ya ƙara maganar a sake. Jarumi ya sauko yana miƙa, ya faɗa da ƙarfi cewa bai taɓa shiga motar da aka tuƙa da hankali irin wannan ba, ya ce wa furodusa kada ya kuskura ya saki yaron nan. Ɗalibi ya zo ya tsaya kusa da ni.

Ranar ƙarshe furodusa ya kira su biyun ɗakinsa mai sanyi. Ɗan Hutu ya zama mataimakin mai ɗaukar hoto, domin an ga aikinsa. Ɗalibi kuma aka zuba masa yabo har ya gaji da tsayuwa, sannan aka ce kamfani na son riƙe shi a matsayin direba na dindindin, zai iya haɗawa da karatunsa, kuma wa ya sani, gaba idan an sami dama. Ya yi godiya, ya ajiye makulli a kan tebur a hankali, ya ce a'a.

Ɗan Hutu ya tare shi a kan matakala yana ba shi haƙuri. Ɗalibi ya ce ba laifinsa ba ne, ya yi masa fatan alheri. Daga nan ya shigo sito yi mini sallama. Yana magana sai na ga ya sunkuya ya ɗauki wata waya da ke yashe ya fara naɗewa. Na fizge ta daga hannunsa, na ce ya fita kafin wani ya gani.

Ya koma jami'a ya gama. Ya bi sauran kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, amma sana'armu ƙarama ce, kowa ya san kowa. Furodusanmu, da zuciya ɗaya, ya riga ya yaɗa sunansa. Duk inda ya je sai a ce, au, kai ne yaron nan, a ba shi kujera, a ce gurbin kyamara a cike yake amma akwai wata tafiya mako mai zuwa. Har yau ana kiran wayarsa, kuma ya san abin da za a ce kafin ya ɗauka.

Yanzu kyamara yake haya idan ya sami aiki, yana ɗaukar wa masu shaguna talla ta sakawa a waya. Bai shiga fim ba, ban kuma san ko zai shiga ba. Ina da ƙananan fitilu biyu nawa na kaina, ranar da ba mu fita ba nakan ɗauka in bi shi.

Aikin ƙarshe da muka yi a shagon kujeru ne. Mai shagon ya dage sai ya fito a kowane hoto, ya zauna a wannan kujera ya harɗe, ya koma waccan ya kishingiɗa, yana tambaya ko agogonsa ya fito. Ga zafi, ga yaran shago suna ratsawa ta gaban kyamara. Ɗalibi ya yi ta lallashi har ya samu mutumin ya zauna wuri ɗaya. Ya sa ido a kyamara, ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Baba, fitilar nan ta yi ƙarfi. Ja ta baya."

A ganina daidai take. Na ɗaga ta na ja baya.

"Ƙara kaɗan."

Na ƙara. Ya ce wa mai shagon ya daina kallon agogo, za a fara.